Talotalon Maƙwabciyata

Gidan da muka kama haya a unguwar Anbariyya ta Madina tsoho ne, na baƙin dutse, tagoginsa na katako masu ƙananan ramuka, irin waɗanda mace za ta leƙa titi ba a ganta ba. Mu ne a can sama, ni da maigidana da ya zo karatu jami'a, ni kuma na biyo shi daga Zariya da Larabcin da bai wuce na allo ba. A ƙasa akwai wani tela mutumin Indiya da matarsa da 'ya'yansa mata da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Nani, wato kaka a harshensu. Telan ne ke biyan haya, amma Nani ce mai gida. Hawa na tsakiya kuwa ya daɗe ba kowa, har sai wajen ƙarshen shekarun saba'in, ranar da wata mota ta sauke mana Amurkawa biyu da akwatunan littattafai.

Mijin baƙi ne, dogo, mai sanyin magana, shi ma ɗalibi. Matar fara ce sol, zafin Madina ya mayar da fuskarta kamar tumatir. Ba su daɗe da shiga Musulunci ba, kuma sun zo da kyakkyawar niyya da kuma tsari. Har wani ɗan agogo take da shi na musamman don dafa ƙwai. Abin da dillali bai gaya musu ba shi ne hawan nasu ba shi da madafi, sai dai ta sauko tsakar gida ta yi girki a gefen murhun Nani. Haka matar da ta bar Amurka don ta zauna cikin Larabawa ta tsinci kanta a tsakiyar Indiya.

Da yake na yi makarantar horon malamai mata kafin aure, ina da ɗan Turancina, sai na zama tafinta. Ƙorafinta na farko a kan ƙofa ne. Nani ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta shigo tsakiyar ɗaki sannan ta yi sallama, ta buɗe tukunya, ta shafa labule ta tambayi inda aka saya. Maƙwabciyata ta hauro wurina tana tambaya ko haka ake yi a nan. Na ce mata a nan, da ma can garinmu, macen da ta rufe ƙofa da rana ko dai ba ta da lafiya ko kuwa ta yi faɗa da mijinta. Ba ta yarda ba, ta sa mijin ya kafa sakata. Washegari Nani ta tsaya a bakin ƙofar da kofin madara mai kurkum, tana buga katakon da ƙafa, don ta tabbata cuta ce. Dole aka buɗe, dole aka sha. Bayan 'yan kwanaki na shan kurkum, sakatar ta zama abin rataye tawul.

Sai kuma kaɗa kai. In ta tambayi matar tela ko za ta iya aron turmi, sai matar ta karkata kai dama da hagu tana murmushi. Ita kuma sai ta ɗauka an hana ta, ta ba da haƙuri ta koma sama, a bar matar tela riƙe da turmi tana mamakin abin da ta yi wa baƙuwa. Ni ma ba zan yi mata dariya da yawa ba, domin a watannina na farko na daɗe ina jin Nani tana cewa acca, acca, har na tambayi maigidana inda ake sayar da acca a Madina. Ashe a bakinsu kalmar tana nufin to, ko madalla.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne Larabcinta. Ta ƙudura cewa ba za ta zauna a gida mijinta ya fi ta harshe ba, sai ta riƙa nuna abubuwa a madafi Nani tana faɗa mata sunayensu. Ta kwashe su tsaf, ta fara zuwa kasuwa ita kaɗai, ta dawo da abin da ta je nema, domin rabin masu kayan miya na unguwarmu daga can wajen su Nani suka fito. Ta yi watanni a haka tana alfahari. Rannan ta shiga shagon wani Bayamane ta nemi albasa da dankali, mutumin ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata cikin ladabi shi ba ya jin Urdu, wato yaren su Nani. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta sa na tambayi Nani dalilin da ya sa ba ta gaya mata ba. Nani ta ce ai ba ta tambaya ba, kuma Larabci na salla ne, albasa kuwa da Urdu ake sayenta.

Mijin shi ma yana da tasa jarrabawar. A kwanar layinmu akwai wata tsohuwa Bahaushiya da muke kira Hajja, tana sayar da gyaɗa da yaji da ƙuli-ƙuli. Tun tana yarinya iyayenta suka taho da ita a ƙasa ta Sudan, kuma Hausarta ta haɗa ta Kano da ta Fort Lami da Larabcin Hijaz. Tun ranar da ta fara ganinsa ta yanke hukunci cewa ɗan Hausawa ne irin na yanzu, masu ji su ƙi amsawa. Kullum ya wuce sai ta gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabcin littafi, ita kuma ta bi bayansa da faɗa. Na yi mata bayani cewa daga Amurka yake, ta ce to kafin Amurka fa? Ta ce wannan goshin na mutanen Gwarzo ne, ba mai gaya mata. Maigidana ya tausaya masa ya koya masa lafiya lau da na gode. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, don ranar da ya fara amsa mata da Hausa sai ta ce ai ga shi nan, da ma yana ji, iskanci ne kawai.

Haka muka yi ta tafiya har zafi ya wuce, aka yi babbar Salla, alhazai suka cika gari suka fara watsewa. A lokacin ne na lura maƙwabciyata ta yi sanyi. Ta rage saukowa tsakar gida, in ta sauko ma ba ta jayayya da Nani a kan yawan barkono, abin da ya tayar wa tsohuwar hankali ƙwarai. Wata rana da hantsi na same ta zaune a kan akwati tana kallon bango. Ta ce mini a ƙasarsu, irin wannan lokaci, akwai ranar da dangi ke taruwa a gidan uwa a ci abinci a yi wa Allah godiya. Ta ce tun da ta musulunta mahaifiyarta ba ta cika yi mata magana ba, amma duk da haka bara sai da ta ajiye mata kujera.

"Ba na son komawa," in ji ta. "Ina son in ji ƙamshin ne kawai."

Na tambaye ta ƙamshin me, ta faɗi wata kalma. To a Turanci sunan tsuntsun da take nufi daidai yake da sunan ƙasar Turkiyya, ni kuma Turancina bai kai wurin tsuntsaye ba. Na sauka na shaida wa Nani, da hannu da ɗan Larabci, cewa baƙuwarmu tana marmarin gasasshen Baturke. Nani ta ce a wannan lokacin na shekara Turkawa sun cika masallaci, amma ba ta jin za su yarda. Da muka koma sama aka ba maƙwabciyata fensir ta zana abin. Nani ta ce ɗawisu ne mara lafiya. Sai da na kai wa Hajja zanen, ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Yo ai talotalo ne. Wannan ne ya hana 'yar mutane cin abinci?" Ta ce akwai wani mutumin Damagaram da ke kula da gonar dabino a wajen Ƙiblatain, yana kiwonsu.

Kafin a je ga talotalo sai da aka bi ta kan malamai. Mijinta sabon shiga ne, yana tsoron kada ya yi abin da bai halatta ba, sai ya kawo maganar wurin maigidana. Maigidana kuma, da yake ɗalibi ne mai ɗoki, ya kai ta wurin abokansa. Suka yi kwanaki suna muhawara a zaurenmu a kan ko wannan idi ne na uku ko ba idi ba ne, ni kuma ina ta dafa shayi. Daga ƙarshe wani dattijo mutumin Sakkwato da ke koyarwa a jami'ar ya ji labari. Ya tambaya ko za a yi wata salla ta musamman, aka ce a'a. Ya tambaya ko za a ciyar da maƙwabta, aka ce e. Ya ce to a kira shi walima, a matsar da shi zuwa Juma'a, kuma a ajiye masa cinya.

Muka tafi gonar a mota, mu uku a baya, ni da maƙwabciyata da Hajja, maigidana yana gaba kusa da direba. Mutumin Damagaram ya fito da mu cikin inuwar dabino, ya nuna mana wani ƙaton namiji yana hura wuya yana jan fikafikai a ƙasa. Maƙwabciyata ta ja da baya. Ashe ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin talotalo da kai da ƙafafu ba, a daskare take sayensa cikin leda. Ta tambaya ko ba za a iya gyara mana shi a nan ba. Hajja ta ce sauran kwanaki kafin Juma'a, kuma ba wanda ke da firjin da zai ɗauki wannan. Haka muka dawo da shi da ransa, an ɗaure masa ƙafafu, yana kan cinyar Hajja, yana leƙen masu ziyara ta taga.

A kan soro aka sake shi, wato a kan kaina. Ya mallake wurin shanya gaba ɗaya. 'Ya'yan tela suka daina hawa, ni kuma ba na zuwa kwashe wanki sai da muciya a hannu. Nani kaɗai yake tsoro. Abin mamaki, da maƙwabciyata ya saba. Tana hawa da gutsuren burodi tana yi masa magana da Turanci, shi kuma yana amsawa da irin tasa. Ana gobe walima ta zo mini da shawarar cewa wataƙila kaji ma za su wadatar. Da na fassara wa Nani, sai ta tura ta kasuwa sayen man shanu, can nesa, shagon da ta ce nasa ya fi kyau. Kafin ta dawo tela ya yi bisimilla, Hajja ta fige. Maƙwabciyata ta ɗan yi hawaye a kan matakala, sannan ta share fuska ta ɗaura zani, don aiki ya riga ya same ta.

Girkin nata mai sauƙi ne: gishiri, man shanu, ɗan masoro, sai burodi da albasa da za a cusa a ciki. Nani ta tsaya tana kallo, tana jiran a fara sa kayan ƙamshi, sai ta ga an gama. Ta ce mini in tambaye ta ko a asibiti za a kai shi. Maƙwabciyata ta dage cewa haka mahaifiyarta ke yi, kuma a wannan karon tana roƙon a bar ta. Nani ta karkata kai dama da hagu. Ita kuma, da take ganin ta riga ta gane wannan kaɗa kan, sai ta ɗauka an amince, ta hau sama sa lulluɓi. Ban san ko an amince ɗin ba ne ko ba a amince ba. Abin da na gani shi ne Nani ta ɗaga fatar tsuntsun da yatsu biyu ta tura wani jan haɗi a ƙarƙashi, ta shafe wurin sumul. Ta fita ɗauko tire ke nan sai ga Hajja ta shigo, ta kwance bakin gyalenta, ta barbaɗa yajin tsire a cikin cikinsa, tana cewa ba za a kunyata ta a gaban baƙi ba.

Babu murhun da zai ɗauke shi a gidan, sai aka kai gidan burodi. Mai gasa burodin tamis na kusa da mu ya ce tandarsa rami ce, sai dai in a tsaye za a sa shi. Aka wuce wurin wani Bamisire mai faffaɗan murhu, ya karɓa da dariya, ya ce a dawo bayan an sauko daga masallaci. Wannan mutumin bakinsa ba ya shiru. Duk wanda ya zo sayen burodi a safiyar nan sai da ya nuna masa dikon Rum, kamar yadda Larabawa ke kiransa, ya kuma faɗa masa gidan da za a ci.

Ita dai maƙwabciyata mutum kaɗan ta shirya wa. Ta aro tebur, ta jera faranti da cokula, kowa da wurin zamansa. Ba a jima da saukowa daga Juma'a ba aka fara sallama. Ɗaliban da suka yi muhawara suka zo, har da waɗanda suka ce bidi'a ne. Dattijon Sakkwato ya zo karɓar cinyarsa. Abokan tela suka zo, mutumin Damagaram ya zo ganin ƙarshen dabbarsa. Sai kuma ga wasu da ba mu sani ba: wata mata ma'aikaciyar jinya da ke auren Basudane a Al-Azizya, da wasu mata biyu matan ɗalibai, da wani tsoho mai jan gemu da ya yi shekaru a gari yana gyaran agogo. Duk Amurkawa ne, labari ya kai musu daga bakin mai burodi zuwa bakin wani. Maƙwabciyata ta daɗe tana zaton su kaɗai ne a Madina. Da ma'aikaciyar jinyar ta yi mata magana daga ƙarƙashin mayafi da irin Turancin garinsu, sai ta saki ludayin da ke hannunta ta rungume ta, suka tsaya a haka cikin ƙofa har Nani ta ce su matsa mutane su wuce.

Aka jingine tebur a bango, aka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, maza a zauren tela, mata a kan soro. Talotalo ɗaya ba zai kai ko'ina ba, amma sai ga Nani ta sa an fito da wata tukunyar shinkafar biryani da mutum biyu ke ɗauka, wadda ta ɗora tun safe ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma na yi waina da miyar taushe, don na san halin mutanenmu. Da aka yanka rabon mata, maƙwabciyata ta kai loma ta farko, ta tsaya, ta dubi Nani, ta dubi Hajja. Su biyun kowa ta mai da hankali ga farantinta. Sauran Amurkawan suna ci suna share hawaye, ban san na gida ba ne ko na barkono. Ɗaya daga cikinsu ta ce wannan bai yi kama da na kakarta ba ko kaɗan, sannan ta miƙa faranti a ƙara mata.

Da aka ci aka sha shayi, maƙwabciyata ta ce a al'adarsu kowa yakan faɗi abu guda da yake gode wa Allah a kansa. Na fassara. Matan suka fara ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce lafiya, wannan ta ce zama kusa da Manzo. Hajja ta ce tana godiya da Allah ya kawo ta Madina da ƙafafunta, kuma har yau ba su gaza ba. Da aka zo kan Nani sai ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa a jira shekara guda kafin a ce alhamdu lillahi ba. Aka yi dariya, aka wuce ta. Can bayan an gama zagaye sai ta taɓa gwiwata ta ce in fassara.

"Babbar 'yata tana aure a can gida, ban ganta ba tun da muka zo," in ji ta. "Wannan baƙuwar tamu ba ta iya girki ba, ba ta jin magana, amma tana saukowa."

Na fassara rabin ƙarshen kawai. Maƙwabciyata ta ce ta ji sauran ma, ai rabin maganar Nani Urdu ne.

Daga wannan rana matan Amurkawan suka fara haɗuwa duk mako, yau a Al-Azizya, gobe a gidanmu. Suna koya wa juna karatu, suna musayar tufafin yara, suna dariya da ƙarfi kamar ba a gidan haya ba. Nani ta ɗan yi kishi da farko, tana cewa an sace mata 'ya, har sai da ta gano cewa duk ranar taron a gidanmu tana samun mata da yawa da za ta gyara wa rayuwa maimakon guda. Da maƙwabciyata ta haihu, ma'aikaciyar jinya ce ta karɓi haihuwar, amma Nani ce ta yi mata tausa da man kwakwa ta tsare ta a ɗaki, Hajja kuma ta kawo kunun kanwa, suka yi ta gardama a kan wanda ya fi amfani ga mai jego.

Sun riga mu barin Madina, don mijin ya gama kafin maigidana. Ranar tafiyarsu kowa ya fito ƙofar gida, har Hajja ta bar tallarta ta zo ta riƙe jaririn. Nani kaɗai ta ƙi fitowa, ta ce tana da tuya a wuta. Maƙwabciyata ta shiga ta same ta, suka daɗe a ciki, direba yana ta danna oda. Da ta fito idanunta sun yi ja, tana rungume da wata ƙatuwar kwalba ta mangwaro da aka jiƙa cikin mai da barkono. Mijin ya fara cewa ba za a bar su su shiga jirgi da ita ba, ya dubi fuskar matarsa, sai ya buɗe mata ƙofar mota. Bayan sun tafi na leƙa madafi na tarar ba a ma kunna wuta ba. Na zauna kusa da Nani, ta turo mini tiren shinkafa, muka yi ta tsince tsakuwa har aka kira la'asar.